GILAIFOSET, MAGANIN CIYAWA: YADDA YAKE AIKI DA YADDA ZA A KAUCE WA CUTARSA

Cikin ayyukan gona duka babu mai cin ƙarfi da lokaci kamar yaƙi da ciyawa. Tun daga sharar gona har zuwa noman firi da maimai, manomi da iyalinsa suna duƙe bisa fartanya, in kuwa hannu ya yi kaɗan ko kuɗin ƙwadago ya gagara, sai haki ya rufe shuka, wahalar shekara ta tafi a banza. Wannan ne ya sa maganin feshi ya karɓu da sauri a ƙasar nan. Gabanin faɗuwar damina da wuya a shiga kasuwar ƙauye, ko a Kebbi ko a Binuwai ko a Oyo, ba a ga kwalabensa jere a rumfa ba.

Jama'a sukan kira su duka da suna guda, watau maganin ciyawa. Amma abin da ke cikin kwalaben iri-iri ne, kowanne da halinsa, kuma rashin rarrabe su ya jawo hasarar amfanin gona, wani lokaci ma har da ta rai. Wanda aka fi amfani da shi a duniya shi ne gilaifoset, wanda ake rubuta sunansa Glyphosate a jikin kwalba. Kamfanoni da yawa suna sayar da shi, kowanne da sunan da ya laƙaba masa, saboda haka sunan da ke rubuce da manyan haruffa ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa, inda aka faɗi sinadarin da ke ciki da yawansa. Wanda ya san halin wannan sinadari zai gane dalilin kowace doka da aka kafa game da shi, ya kuma daina ɗaukar ta a kan takurawar malaman gona.

ASALINSA

Wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Suwizalan, Henri Martin, shi ne ya fara haɗa gilaifoset a 1950. Kamfanin da yake wa aiki maganin mutane yake nema, da bai ga amfaninsa ta wannan fuska ba sai ya ajiye shi. Shekara 20 bayan haka, a 1970, John Franz na kamfanin Monsanto a Amurka ya gano cewa yana kashe tsiro. Aka fito da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup. Abin mamaki, an yi shekara shida ana sayar da shi kafin a san takamaiman yadda yake kisa. Sai a 1980 masana biyu a Jamus, Steinrücken da Amrhein, suka bayyana wannan.

Abu biyu suka sa ya cika duniya. A 1996 aka fito da waken suya da aka sauya wa halitta don ya jure maganin, daga baya masara da auduga suka biyo, har manoman Amurka da Barazil da Ajantina suka riƙa fesa shi bisa shuka da ciyawa baki ɗaya. Sa'an nan a 2000 ikon mallakar da Monsanto ke da shi a Amurka ya ƙare, kamfanoni da yawa, musamman na ƙasar Sin, suka shiga yin sa, farashinsa ya faɗi. An ƙiyasta cewa a shekarar 2014 kaɗai an yi amfani da kimanin tan 826,000 a duniya. Lalle a kula da wannan: masara da dawa da wake da rogo da shinkafar da manomi ya saba shukawa ba su jure shi. In ya taɓa ganyensu zai kashe su kamar yadda yake kashe ciyawa.

ABIN DA KE CIKIN KWALBA

Tsantsar gilaifoset farin gari ne marar wari. Kowace ƙwayarsa ƙarama ce ƙwarai, an gina ta da zarra 3 ta kabon, 8 ta haidirojin, 1 ta naitirojin, 5 ta oksijin, da 1 ta fosfaras. Asalin ginin shi ne gilaisin, ɗaya daga cikin tubalan da jikin kowane mai rai ke gina furotin da su, sai aka ɗaura masa wani reshe mai ɗauke da fosfaras. Daga sunayen waɗannan biyu aka harhaɗa sunan maganin.

Garin ba ya narkewa sosai a ruwa, abin da lita guda ke iya ɗauka bai wuce giram 12 ba. Don haka masana'anta sukan mai da shi gishiri, watau su haɗa shi da wani sinadari kamar fotashiyam ko amoniyam ko aisofurofilamin, sai ya narke da sauƙi. Wannan ne dalilin da ya sa akan ga lambobi biyu a kwalba guda, 480 da 360. Na farko nauyin gishirin ne a kowace lita, na biyu kuwa nauyin ainihin maganin da ke cikinsa. Kwalbar da aka rubuta wa kashi 41 cikin 100 ita ma ƙarfinsu ɗaya. Mai saye kada ya yarda a ƙara masa kuɗi da sunan wai 480 ta fi 360 ƙarfi sai ya duba wane nauyi ake nufi.

Akwai abu na uku a cikin kwalbar, wanda ba a cika rubuta sunansa ba. Ganye yana da wani rufi mai kama da kakin zuma, shi ya sa ruwa ke gangarewa bisa ganyen gwaza ba ya jiƙa shi. Domin maganin ya kama ganye ya ratsa wannan rufi, sai a zuba masa wani sinadari mai aikin sabulu, shi ne ke sa kumfa in ana haɗawa. Wanda aka daɗe ana sawa ana kiransa POEA, daga kitsen shanu ake yin sa. Bincike ya nuna cewa wannan sabulu ya fi gilaifoset ɗin kansa ƙona ido da fata, ya kuma fi shi kashe kifi da talibambam. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta hana haɗa shi da gilaifoset a 2016, amma a wasu ƙasashe ba a hana ba. Saboda haka in an ji masana sun ce gilaifoset ba shi da dafi mai yawa, a tuna cewa manomi ba tsantsarsa yake riƙewa ba.

YADDA YAKE KASHE TSIRO

Nan ne jigon darasin, ya kuma kamata a bi shi a hankali.

Jikin tsiro kamar masaƙa ne, inda kowane aiki ke da ma'aikacinsa. Waɗannan ma'aikata sinadarai ne da masana ke kira inzayim, kowannensu yana karɓar kaya daga na gabansa, ya sarrafa, ya miƙa wa na bayansa. Ɗaya daga cikin layukan aikin ana kiransa hanyar shikimet, sunan da aka ɗauko daga wani itace na ƙasar Japan. A wannan layi ne tsiro ke ƙera tubalan furotin guda uku, su ne fenilalanin da tairosin da tiriftofan. In babu su ba zai iya yin sabon ganye ko sabuwar saiwa ba.

Ma'aikaci na shida a layin yana jiran wani kaya mai ɗauke da fosfaras. Gilaifoset ya yi kama da wannan kaya, sai ya shiga gurbinsa ya maƙale, tamkar mabuɗin da ba na ƙofa ba da ya shiga kwaɗo ya karye a ciki. Ba ya buɗewa, ba ya kuma barin mabuɗin gaskiya ya shiga. Layi ya tsaya, kayan da ke zuwa daga baya su yi ta taruwa, tubalan nan uku su ƙare. Tsiron ya daina girma tun a ranar, amma mutuwarsa ta yunwa ce, a hankali take zuwa. Ciyawa mai shekara ɗaya, irin su harƙiya da ƙyasuwa, takan fara yin rawaya bayan kwana 4 zuwa 7. Mai saiwa mai zurfi takan kai kwana 10 ko mako biyu.

Wannan jinkiri shi ne amfaninsa. Da yake bai ƙona ganyen nan take ba, ganyen yakan ci gaba da aika abincin da ya dafa zuwa sassan tsiro, maganin kuwa ya bi wannan abinci har cikin saiwa da jijiyoyin da ke kwance ƙarƙashin ƙasa. Manoman rogo da doya na tsakiyar ƙasar nan da na kudu sun san yadda tofa take: a sare ta, a ƙone ta, a kafce, ta sake fitowa daga guntun saiwar da ya rage. Haka kiri-kiri da aya-aya. Maganin da zai bi su har can ƙasa shi ne ke iya karya lagonsu.

Daga wannan bayani dokoki da dama suka fito. Ciyawar da fari ya kama ta yanƙwane, ko wadda aka sare ba ta sake toho ba, ba ta aika abinci ko'ina, saboda haka fesa mata hasarar kuɗi ce. Ana bukatar kamar awa 6 ba ruwan sama domin ganye ya sha. Bayan an fesa wa tofa da ire-irenta, a dakata aƙalla mako guda kafin a sa garma ko a saki wuta, in ba haka ba an yanke hanyar kafin maganin ya isa saiwa. Wanda kuma ya ga kwana biyu sun wuce ciyawa tana nan kore shar, ya ce magani jabu ne ya koma ya ninka, ya zubar da kuɗinsa ne kurum ya kuma ƙara wa jikinsa abin da zai shaƙa. Mafi muni shi ne haɗa shi da magani mai ƙona ganye nan take don a ga aiki da wuri. Ganye ya ƙone, ido ya gamsu, amma saiwa tana nan da ranta, bayan mako uku gona ta koma yadda take.

Ba kowace ciyawa yake ci daidai ba. Balasa takan jure shi ƙwarai. Ƙuduji, wadda wasu ke kira wuta-wuta, ba maganinta ba ne, gama a jikin saiwar dawa ko masara take manne, lokacin da ta fito fili kuwa feshi zai kashe har da shukar. Har wa yau, inda aka dage da magani guda shekara da shekaru, ciyawar da ta tsira takan haifi irinta. An fara ganin wannan a Ostareliya a 1996, aka gan shi ga tuji a Maleshiya a 1997, yanzu kuwa ciyawa fiye da iri 50 a duniya sun gagare shi. Sauya shuka daga shekara zuwa shekara, da haɗa feshi da fartanya, su ne rigakafin wannan.

HALINSA CIKIN ƘASA DA RUWA

Reshen nan mai fosfaras yana da son kama ƙarfe da alli da laka. Da zarar maganin ya faɗi ƙasa sai ya manne wa ƙwayoyin yumɓu, kamar yadda takin sufa ke mannewa, ƙarfinsa ya ɗaure. Daga nan ƙananan halittun ƙasa su yi ta cin sa suna farfasa shi. Rabinsa yakan ƙare cikin 'yan kwanaki a wata ƙasa, a wata kuwa sai an yi watanni, gwargwadon ɗumi da danshi da irin ƙasar. Shi ya sa ake iya shuka 'yan kwanaki bayan feshi. Shi ya sa kuma ba ya hana irin ciyawar da ke cikin ƙasa tsirowa. Wanda ya fesa shi bisa huɗa tsirara, babu kore ko ɗaya, bai kashe kome ba.

Abin da ke faruwa a ƙasa shi ne ke faruwa a cikin injin feshi in an zuba masa gurɓataccen ruwa. Ruwan kududdufi ko na rafi mai laka yakan kama maganin tun bai fita ba. Haka ruwan rijiya mai zartsi, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, domin allin da ke ciki yana ɗaure shi. Ƙurar hunturu da ta kwanta bisa ganye ita ma haka take yi. Sau da yawa manomi yakan zargi mai rumfa da sayar masa da jabu, alhali laifin na ruwan da ya ɗebo ne. A nemi ruwa garai-garai. Inda babu sai mai zartsi, takin amoniyam salfet da aka narkar a ruwan kafin a zuba maganin yana gyara shi, malamin gona zai faɗi gwargwado.

Kada a haɗa shi ko a bar shi ya kwana a bokitin kwano mai rufin tutiya, ko a gangar baƙin ƙarfe. Yakan ci ƙarfen ya fid da iskar haidirojin, wadda ke kamawa da wuta in an kusanto da ashana ko taba. Mazubin roba shi ne daidai.

JIKIN ƊAN ADAM

Mutum da dabba da tsuntsu da kifi ba su da hanyar shikimet. Tubalan nan suna samun su ne daga abinci, saboda haka kwaɗon da maganin ke toshewa babu shi a jikinsu. Gwajin da aka yi da ɓeraye ya nuna cewa kafin tsantsar gilaifoset ya kashe rabinsu sai an ba su fiye da giram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki. Gishirin miya kuwa giram 3 ya isa. Kaɗan ne ke ratsa lafiyayyar fata. Abin da ya shiga ciki, galibinsa yana fita ta bayan gida da fitsari cikin 'yan kwanaki, ba ya taruwa a kitse irin yadda DDT ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a aji na uku, na masu haɗari kaɗan.

Wannan gaskiya ce, amma an yi ta fassara ta fiye da ƙima, har wasu masu talla sukan ce ba shi da illa ko kaɗan. Ruwan kwalba da ba a sirka ba yana ƙona ido, yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Wanda ya sha shi yakan sami ƙunar maƙogwaro da ciki, amai da zawo, in ya yi yawa jini ya faɗi, ƙoda da huhu su kasa, an kuma sami waɗanda suka mutu ta haka. Bugu da ƙari, wasu ƙananan halittun da ke zaune a hanjin mutum da na ƙudan zuma suna da hanyar shikimet, masana kuwa suna kan binciken abin da maganin ke yi musu.

Maganar da ta fi tada ƙura ita ce ta ciwon daji. A watan Maris na 2015 Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta tara masana 17 daga ƙasashe 11. Suka yanke cewa mai yiwuwa ne ƙwarai gilaifoset yana iya jawo ciwon daji, suka sa shi a rukunin 2A. Sun ce shaidar da aka samu ga dabbobin gwaji isasshiya ce, wadda aka samu ga mutane kuwa taƙaitacciya ce, ta kuma shafi wani ciwon daji mai kama kaluluwa. A watan Nuwamba na shekarar Hukumar Kula da Lafiyar Abinci ta Turai ta ce da wuya ya jawo ciwon. A watan Mayu na 2016 taron masana na Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce da wuya ɗan abin da ke saura a abinci ya jawo shi.

Mai karatu zai ce ashe masana sun saɓa. Sun saɓa a wani wuri, amma tambayoyin da suka amsa ma ba ɗaya ba ne. Cibiyar Liyon tana tambaya ne ko abu yana da halin cutarwa a kowane irin yawa. A rukunin nan na 2A har da jan nama da shan abu mai tsananin zafi. Sauran hukumomin kuwa suna tambaya ko zai cutar a gwargwadon da mutum ke haɗuwa da shi in an bi doka. Rijiya tana iya cin mutum, wannan halinta ne. Ko za ta ci shi ya danganta ga ko an yi mata murfi, da kuma sau nawa yake bi ta bakinta da dare.

Bincike mafi girma ga masu feshi an yi shi ne a jihohin Ayowa da Karolina ta Arewa a Amurka, inda aka bi mutum fiye da 54,000 shekara da shekaru. Sakamakon da aka buga a 2018 bai sami dangantaka tsakanin maganin da ciwon kaluluwar ba. A 2019 wasu masana suka haɗa wannan da wasu bincike biyar, suka duba waɗanda suka fi kowa cuɗanya da maganin, suka ce haɗarin ya ƙaru da kashi 41 cikin 100. A kotu kuma, a 2018 masu taya alƙali shari'a a Kalifoniya suka ba wani mai kula da filin makaranta diyyar dala miliyan 289, wadda daga baya aka rage zuwa kimanin miliyan 20. A 2020 kamfanin Bayer na Jamus, wanda ya sayi Monsanto a 2018, ya yarda ya biya kimanin dala biliyan 10 don sasanta dubban ƙararraki, ba tare da amsa laifi ba. Duk da haka a ƙarshen 2023 Tarayyar Turai ta sabunta izinin maganin har zuwa 2033.

Abin da za a ɗauka daga nan a fili yake. In akwai haɗari, ba a kan mai cin tuwo ya fi nauyi ba, a kan mai feshi ne. Manoman Ayowa galibinsu daga kan tarakta suke fesawa. Manomin Nijeriya a bayansa yake goya maganin, yana tafe cikin ciyawar da ya jiƙa, sau da yawa da gajeren wando da silifa, injin yana yoyo bisa rigarsa. Samarin da suka mai da feshi sana'a, suna bin gonaki ana biyan su, sukan yi haka kullum har damina ta yi nisa. Lissafin da hukumomi suka yi na cewa babu damuwa an gina shi ne bisa mutumin da ya rufe jikinsa.

KADA A RIKITA SHI DA FARAKWAT

Akwai wani maganin ciyawa da ya daɗe a hannun manoma, farakwat, wanda ake rubutawa Paraquat, aka fara sayar da shi a Ingila a 1962 da sunan Gramoxone. Shi yana ƙona ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, ba ya kuma bin saiwa. Ga mutum kuwa dafi ne mai tsanani. Kurɓi guda yana iya kisa, yana taruwa a huhu ya lalata shi a hankali, kuma ba shi da makari. Don haka ake sa masa shuɗin launi da wari mai ɗoyi da sinadarin sa amai. Tarayyar Turai ta hana shi a 2007. A nan gida, hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar haramta shi a 2023, dokar ta fara aiki daga farkon 2024. Wanda ya ci karo da shi a rumfa kada ya saya. Wanda ya saba sakaci da gilaifoset bai ga kome ba, ran da ya yi wannan sakaci da farakwat ba zai sami damar gyarawa ba.

Saboda wannan ne sayen magani a tsiyaye, cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa, ya zama babban ganganci. Babu suna, babu lambar rajistar NAFDAC, babu ranar lalacewa, ga shi kuma yaro zai ɗauka abin sha ne. A sayi kwalba a rufe da hatiminta, a ajiye ta a ɗakin da ake kullewa, nesa da rumbu da madafa.

RANAR FESHI

Awo yana kan takardar kwalba, shi za a bi. Alal misali, in takarda ta ce lita 4 ga kadada guda, mai feshi kuma yakan ƙarar da lita 200 na ruwa a kadada, to injin mai cin lita 16 zai cika sau 12 da rabi, kowane ciko yana bukatar mililita 320. Gwangwanin madara da murfin kwalba ba ma'auni ba ne sai an auna abin da suke ci. Wanda bai iya karatu ba ya nemi malamin gona na yankinsa ya lissafa masa sau guda, ya yi alama a jikin ma'auninsa.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne lokacin haɗawa, gama a nan ne ake taɓa maganin da cikakken ƙarfinsa. A sa safar hannu ta roba, a kare ido, a dama da sanda. Wajen feshi a sa riga mai dogon hannu, dogon wando da aka saki bisa takalmin roba, hula, da abin rufe hanci da baki. An san da zafi, shi ya sa safiya bayan raɓa ta bushe ta fi, ko yamma in rana ta yi sanyi. In iska tana kaɗa reshe a dakata, don tana kai feshi gonar maƙwabci, tumatir da barkono da wake kuwa ɗan kaɗan ke nakasa su, rigingimu da yawa sun taso daga nan. In bakin injin ya toshe a wanke shi da ruwa da ɗan tsinke mai laushi, kada a busa da baki. Ba a cin goro, ba a shan taba, ba a cin abinci sai an wanke hannu da fuska da sabulu. Yara da mata masu ciki ko masu goyo ba su da aiki a wurin.

Akwai wani abu da ake mantawa. Da yake ciyawar da aka fesa wa tana yin kwanaki kore, mai wucewa ba zai san an fesa ba. Mata da yara sukan tsinki tafasa da lalo da gasaya a gefen gona don miya ko kwaɗo, masu kiwo sukan yanki ciyawa don tumaki, makiyaya sukan ratsa. Wajibi ne mai gona ya kafa alama, ko da jan ƙyalle ne bisa sanda, ya kuma sanar da maƙwabta.

In an gama, a wanke injin a cikin gona, nesa da rijiya da rafi da tafkin kifi. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, ana juye ɗaurayen cikin injin a fesa shi, sa'an nan a huda ta don kada wani ya mai da ita gorar ruwa ko ta man gyaɗa ko butar alwala. Tufafin feshi a wanke su dabam da na iyali, mai feshi kuma ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

In ya zuba a jiki, a tuɓe rigar a wanke wurin da ruwa da sabulu. In ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta har minti 15. In an sha, kada a sa mutum amai da ƙarfi, domin abin da ya ƙona maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fita, kumfar kuma tana iya faɗawa huhu. Manja da nono da ruwan tsamiya ba makari ba ne, ɓata lokaci kurum suke yi. A kurkure masa baki a garzaya da shi asibiti, ko da ya ce ya ji sauƙi.

A tafi da kwalbar, domin aikin likita ya dogara ga sanin abin da aka sha. Gilaifoset yana da fosfaras, sunansa kuma yana kama da na wasu magungunan ƙwari masu fosfaras waɗanda ake yi wa allurar atirofin, amma shi ba ya taɓa jijiya irin yadda suke yi, allurar ba makarinsa ba ce. In kuwa farakwat ne, iskar oksijin da ake saurin sa wa mai wahalar numfashi tana ƙara ɓarnar da yake yi wa huhu, likita ba zai ba da ita ba sai ya zama tilas. In kwalbar ta ɓace, a ɗauki murfinta ko takardarta, ko a tafi da wanda ya sayo ta.